Farantin Takarda

Na san Delphine Thibodeau tun tana da giɓi,
tana sayar da tanar kamun kifi a gwangwani
a bakin gadar garinmu, can gabashin Maine,
inda teku ke lasar ƙafar kowane gida.
Yau 'yar majalisar jiha ce.
Daga Janairu har ƙanƙara ta saki hanya
tana Augusta, tana cin burodi a tsaye.

Ƙudurinta shafi huɗu ne kacal:
a ba ƙananan garuruwa kuɗin riƙe motar asibiti
da mutum biyu masu kwana ido buɗe.
Ni na ba ta lissafin.
Na ce, rubuta: minti hamsin da ɗaya,
daga sanda Arlene ta sulale a gaban murhu
zuwa sanda jar fitila ta haska mana labule.
Na riƙe hannunta, na riƙe agogo.
Agogon ne ya saura.

Kwamiti ya gutsure sashe na uku,
wani ya rage kuɗin, wani ya ƙara waƙafi.
Ran ƙuri'a ƙudurin ya faɗi da biyu.
Ta kira ni daga cikin mota,
ba ta ce komai ba sai sunana,
ina jin ruwa na dukan gilashi.

Sai ga bazara.
Baƙi sun cika gari da jajayen kafaɗu,
rana ta ƙi faɗuwa sai bayan takwas.
Ran huɗu ga Yuli ta bi fareti a ƙasa,
bayan motar kwana-kwana, gaban taraktoci,
tana watsa wa yara alewa,
takalmi ɗaya ya yi mata kanta.
Ta yi alƙalancin gasar kek,
ta ba ɗaya kyauta, ta ɓata da gida shida.
Ta karanta wa yara littafi a inuwar laburare,
rabinsu na kallon kare.

Asabar, a zauren coci, aka tono waken
da ya kwana a rami bisa garwashi.
Tana sanye da atamfar girki, ludayi a hannu,
Wendell Beal ya tsaya da farantinsa:
Haraji ya ci ni, kin zo ki ƙara!
Layi ya tsaya cak.
Ta zuba masa wake, ta ƙara masa romo,
ta jawo farantin takarda, ta kifa shi,
ta ce, nawa ka biya bara? Faɗa a hankali.
Ya faɗa, ta rubuta.
Bai gode ba. Ya dai zauna ya cinye.

Na leƙa bayan motarta ranar tseren kwale-kwale.
Faranti sun fi talatin, duk da rubutu:
kwalbatin da ya toshe a hanyar maƙabarta,
malamar da ta rasa gidan haya,
kuɗin lasisin mai haƙar ƙumba,
lambar wayar wata da ta ce kar a kira da dare.
Maiƙo ya cinye wasu haruffan.

A Agusta ta tuƙa mil tamanin
zuwa bajekolin noma na wata gunduma,
ba don shanu ba.
Royce Dunphy na can, ɗaya cikin biyun nan,
yana jingine da shingen tumaki.
Ta sayi masara gasassa guda biyu.
Ban ji abin da suka ce ba,
na dai ga ya cire hula ya sosa ƙeya,
ya daɗe yana kallon totuwa.

Jiya da yamma ta zo shagona,
ina kwance ƙarƙashin injin jirgin wani.
Ta ce, Orrin, zan sake kai shi a Janairu.
Minti uku ake ba mai shaida.
Ka zo ka faɗa musu da bakinka.
Na ce, hamsin da ɗaya ba ya shiga cikin uku.
Ta ce, gwada.

Ban ce to ba.
Sauro ya fara, hazo na tasowa daga ruwa,
ta tafi taron gyaran rufin makaranta.
Na wanke baƙin mai daga hannuna,
na buɗe kabad,
na ciro kwat ɗin da na sa ran jana'iza,
na rataye shi a waje ya sha iska.